Ƙasa ba ta sake su ba: amsa kan shawagin 'yan sama jannati

Wata baiwar Allah daga Shara Mansur a Makka ta aiko mini da tambaya, ga kuma taƙaitaccen abin da ta ce. 'Yarta da ke makarantar sakandare ta ga hotunan Rayyana Barnawi, 'yar sama jannatin Saudiyya, tana shawagi a cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, sai ta dawo gida tana cewa can sama ƙasa ba ta jan komai, shi ya sa mutane da kayansu suke yawo kamar auduga. Uwar ta ce ita dai maganar ba ta kwanta mata ba, domin idan ƙasa ba ta jan abin da ke can, to me yake riƙe da wata, me kuma ya hana tashar kanta ta kama hanya ta ɓace?

Hajiya, shakkarki tana bisa hanya. Na daɗe ina koyar da kimiyyar fiziya a Jidda, kuma babu shekarar da ba na cin karo da wannan kuskure, wanda rabin laifinsa na suna ne. Yaranmu suna karatu da Larabci, suna jin ana cewa "in'idamul jazibiyya", wato rashin jan ƙasa, sai sunan ya riga bayanin shiga kansu. A Hausa ma akwai masu cewa "maganaɗisun ƙasa", ni kuwa ba na son wannan, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, ƙasa kuwa ba ta zaɓe, tana jan dutse da ruwa da gashin tsuntsu baki ɗaya. Zan riƙa cewa jan ƙasa. Zan kuma yi amfani da sakan da minti, tunda daƙiƙa a bakin mutanen nan Saudiyya minti ce, a bakin mutanen gida ƙasar Hausa kuwa sakan ce.

Mu fara da nisan wurin. Tashar tana yawo ne a tsayin kilomita 400 ko sama da haka kaɗan. Layin dogon jirgin Haramaini daga Makka zuwa Madina kilomita 450 ne, don haka da za a ɗaga layin a tsayar da shi a miƙe, da kansa ya wuce tashar. Jan ƙasa yana raguwa da nisa, amma ana auna nisan ne daga tsakiyar duniya, ba daga doron da muke takawa ba. Mu da muke zaune a nan muna da nisan kilomita 6,371 daga tsakiyar, su kuma suna da kimanin 6,771. Ƙa'idar da masanin Ingila Ishaƙu Niyuton ya fitar a 1687 ta ce idan nisa ya ninka sau biyu, jan yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu, idan ya ninka sau uku, ya koma ɗaya bisa tara. Da aka yi wannan lissafi da ƙarin kilomita 400, sai aka ga jan ƙasa a can yana nan da kusan kashi 89 cikin 100 na ƙarfinsa. Da za a gina hasumiya mai wannan tsayi, mace mai kilo 60 ta hau ƙololuwarta ta tsaya a kan sikeli, da sikelin ya nuna kimanin kilo 53, kuma da ƙafarta ta zame, da ta faɗo kamar kowa. Saboda haka ba tsayi ne ya kawo shawagin ba.

Abin da ya kawo shi yana ɓoye a cikin abin da muke kira jin nauyi. Babu wanda ya taɓa jin jan ƙasa a jikinsa, domin yana jan kowace gaɓa da kowane ɗigon jini daidai wa daida, babu inda yake matsawa. Abin da kike ji idan kin daɗe a tsaye shi ne turin da daɓe yake yi wa tafin ƙafarki don ya hana ki wucewa ƙasa. Daga tafin ƙafa turin yake hawa zuwa gwiwa da ƙugu da gadon baya, kowace gaɓa tana ɗauke da ta samanta, kuma wannan matsin shi ne nauyin da muke ji. Sikeli ma abin da yake aunawa ke nan. Ki ɗauki ɗan ma'aunin nan na hannu mai ƙugiya da alhazai suke auna jakunkuna da shi kafin su tafi filin jirgi, ki rataya masa ledar dabino mai kilo 5. Yana nuna 5 ne saboda hannunki ya riƙe shi ta sama, dabinon kuma yana jansa ta ƙasa. Idan kika sake su tare, a ɗan lokacin da suke faɗuwa ma'aunin zai koma sifili, alhali ko ƙwayar dabino ɗaya ba ta ragu ba, ƙasa kuma ba ta fasa ja ba. Abin da aka cire kawai shi ne hannun da ya tare.

Duk wanda ya taɓa shiga lif a dogayen benayen da ke kewaye da Harami ya ɗanɗani kaɗan daga wannan. Idan lif ɗin ya fara sauka, cikin mutum yakan yi wani irin sanyi, kamar hanjinsa ya ɗago, saboda daɓen ya ɗan janye daga ƙarƙashinsa, turin ya ragu. Idan ya zo tsayawa kuma, sai gwiwoyi su yi nauyi. Da lif ɗin zai faɗi sakaka babu abin da ke riƙe da shi, Allah ya kiyaye, da mutumin da daɓen sun yi ta faɗuwa tare, ƙafarsa ta daina danna komai, makullin da ya saki daga hannunsa ya tsaya a gaban fuskarsa. Wannan shi ne halin da 'yan sama jannati suke ciki. Faɗuwa suke yi, su da ɗakin da suke ciki, dare da rana.

To me ya sa ba sa isowa ƙasa? Niyuton ya amsa wannan da misalin igwa a kan dutse mai tsayin da ya wuce iska. Idan aka harba harsashi a kwance, yana tafiya gaba yana kuma faɗuwa, har ya sauka can nesa. Idan aka ƙara albarushi, sai ya sauka nesa da haka. Amma duniya ƙwallo ce, doronta yana lanƙwashewa, kuma a nan ne lissafin yake da daɗi. Duk abin da aka saki a kusa da doron ƙasa yana faɗuwa kimanin mita 5 a sakan na farko. Shi kuma doron duniya, idan aka miƙa layi sambal na tsawon kilomita 8, sai a tarar ya sauka ƙasa da layin da kimanin mita 5. Ke nan harsashin da yake cin kilomita 8 a sakan zai faɗi mita 5, ya tarar ƙasa ita ma ta janye masa da mita 5, tsayinsa daga doron ƙasa bai sauya ba. A sakan na biyu haka, a na uku haka, har ya kewaye duniya ya dawo ta bayan igwar. Wannan kewayen shi ne falaki. A tsayin tashar, gudun da ake buƙata kimanin kilomita 7.7 ne a sakan, wato kusan kilomita 27,600 a awa. Tazarar da jirgin Haramaini yake yi cikin awa biyu da wani abu, tashar tana shafe ta cikin minti ɗaya. Tana gama kewaye duniya cikin minti 92 zuwa 93, mutanen cikinta kuma suna ganin fitowar rana kusan sau 16 a kwana guda.

Akwai sharaɗin da sai da shi wannan bayani yake tsayawa, shi ne cewa babba da ƙarami suna faɗuwa tare. Da tashar, wadda ta haura tan 400, ta fi mutum saurin faɗuwa, da mutanen sun manne a rufinta. Hankali yakan so ya ce abu mai nauyi zai riga marar nauyi, amma masanin Italiya Galileo ya nuna tun farkon ƙarni na 17 cewa ba haka ba ne. Gaskiya ne ƙasa ta fi jan babban abu, sai dai shi babban abin ya fi wuyar motsawa daidai gwargwadon haka, don haka ribar da asarar suna cinye juna. Iska ce take ruɗin mu a nan, ita take tare takarda ta bar dutse ya wuce. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya tsaya a doron wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu a lokaci guda, suka taɓa ƙasa tare.

Ina roƙonki ki sa yarinyar ta gwada wani abu da hannunta, domin na ga yana shiga kan ɗalibai fiye da duk abin da nake rubutawa a allo. Ta samu robar ruwa wadda aka shanye, ta huda ta da ƙusa a gefe kusa da gindi, ta cika ta da ruwa, ta bar bakin a buɗe. Muddin tana riƙe da robar, ruwa zai riƙa tsartuwa ta hudar, saboda na sama yana danne na ƙasa. Sai ta hau kujera ta saki robar a tsaye, wani kuma ya ɗauki hoton bidiyo da waya a yanayin nan na tafiyar hawainiya. Za ta ga da zarar robar ta bar hannunta, tsartuwar ta ɗauke cak, ba ta dawowa sai an dira. Ruwan na sama ya daina danne na ƙasa, domin dukkansu suna faɗuwa tare da robar. Faɗuwar mita 2 ba ta kai sakan ɗaya ba, amma a wannan ɗan taƙin, cikin robar da cikin tashar hali ɗaya suke. Na tuna wani ɗalibi da ya ƙi yarda, ya ce iska ce take toshe hudar, sai da muka huda ta wuri uku muka sake gwadawa sannan ya yi shiru.

Yanzu ga amsar tambayarki game da wata. Shi ma faɗuwa yake yi. Yana da nisan kimanin kilomita 384,000, wato ninki 60 na nisanmu daga tsakiyar duniya, don haka jan da yake samu kashi ɗaya ne bisa 3,600 na wanda muke samu. A kowane sakan yana karkatowa wajenmu da abin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba, yana kuma yin gaba da kimanin kilomita ɗaya, wannan kuwa ya ishe shi ya kewaye mu cikin kwana 27 da 'yan awoyi. Da jan ƙasa zai yanke, da wata da tashar duk sun miƙe sambal sun tafi, kamar dutsen majajjawa idan aka saki igiya. Taurarin ɗan'adam da suke kawo mana tashoshin talabijin ma haka ne. Suna tsayin kilomita 35,786, inda kewaye ɗaya yake ɗaukar kwana guda cur, shi ya sa suke zama kamar an kafe su a wuri ɗaya, farantin da ke kan soro kuma ba ya buƙatar juyawa. Ɗaya daga cikin irinsu, na kamfanin Arabsat, an sake shi ne daga kumbon Discovery a watan Yunin 1985, a tafiyar da Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya.

Daga nan za ki gane abin da roka take yi, wanda mutane da yawa suke ɗauka hawa ne kawai. Tana tashi a tsaye ne don ta fita daga iska mai kauri, sannan ta kwanta ta yi ta ƙara gudu a gicciye. Ƙarfin da ake kashewa wajen samar da gudun ya ninka wanda ake kashewa wajen hawan kusan sau takwas. A cikin mintunan nan da ba su kai goma ba, matafiyan ba shawagi suke yi ba, kujera tana danna su da ninkin nauyinsu sau uku ko fiye. Da zarar injin ya mutu, a wannan ƙiftawar ido, sai komai ya saki. Tsayin bai sauya ba tsakanin sakan ɗin da ya gabata da wanda ya biyo, turi ne kawai ya ƙare. Tarihi ma ya nuna bambancin hawa da gudu. A ranar 12 ga Afrilun 1961 Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya samu cikakken gudu, ya kewaye duniya. Bayan mako uku Alan Shepard na Amurka ya kai tsayin kilomita 187, amma ba shi da gudun gicciye da zai ishe shi, sai ya yi shawagi na kimanin minti biyar ya faɗo cikin teku.

Tunda faɗuwa ce sirrin, ba sai an bar duniya ake samun wannan hali ba. Akwai jiragen sama da ake horar da 'yan sama jannati a cikinsu, waɗanda suke cillawa sama sannan matuƙi ya rage injin ya bar jirgin ya bi hanyar da jifa take bi. Ana samun sakan 20 zuwa 25 na shawagi a kowane zagaye, kuma shawagin yana farawa tun jirgin yana kan hawa, domin abin da aka jefa sama yana hannun jan ƙasa kaɗai tun daga lokacin da ya bar hannu. A birnin Bremen na Jamus akwai hasumiyar da ake zuƙe iskar cikinta a saki kayan gwaji, su faɗi mita 110 cikin sakan 4.7. Ko ruwan maɓuɓɓugar Sarki Fahad da muke kallo a bakin tekun Jidda, in ban da iskar da take tare shi, tun daga barinsa bakin famfo har dawowarsa ba shi da nauyi.

Akwai inda Hausa take ɗan ƙuntata mana, domin kalmar nauyi tana ɗauke da abu biyu da Larabci ya raba. Akwai wazni, wato dannawar da abu yake yi, akwai kuma kutla, wato yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda shi ne yake sa abu ya yi wuyar turawa ko tsayarwa. A falaki wazni ne yake ɓacewa, kutla tana nan daram. Akwatin da ya kai kilo 200 ana iya ɗaga shi da yatsa a can, amma zai motsa a hankali, idan kuma ya taho da gudu ya matse hannun mutum a bango, zai karya shi kamar yadda zai karya a nan. Da wannan ake auna jikin 'yan sama jannati, tunda sikeli ba ya aiki: mutum yana kama wata na'ura mai sifirin da take jijjiga shi ko take jansa da ƙarfin da aka sani, daga yadda jikinsa ya yi jinkirin amsawa a fitar da kilonsa.

Masana ba sa cewa nauyin ya zama sifili tsantsa. A tsayin kilomita 400 akwai ragowar iska siririya da take goga tashar tana rage mata gudu, shi ya sa take ɗan saukowa, sai an kunna injina lokaci zuwa lokaci an maido ta. A yayin da ake wannan turin, abubuwan da ke shawagi a ciki sukan taru a hankali zuwa bangon baya. Haka nan ɓangaren tashar da ya fi kusa da duniya yana samun jan da ya ɗara na ɓangaren nesa kaɗan, ga kuma girgizar injina da motsin mutane. Duka waɗannan ƙanana ne ƙwarai, ana lissafa su da kashi bisa miliyan na nauyin da muka saba.

Abin da ke biyo bayan rashin danniya yana da yawa, kuma duk tushensa ɗaya. Ruwa ba ya zuba, yakan dunƙule ya zama ƙwallo, ko ya manne a hannu kamar kunu mai kauri. Harshen wuta ba ya tsini, domin tsininsa a nan yana zuwa ne daga iska mai zafi da take hawa mai sanyi tana maye gurbinta, can kuwa babu mai hawa babu mai sauka, sai wutar ta zama ɗan ƙwallo shuɗi marar ƙarfi. Saboda wannan dalili fankoki ba sa tsayawa a tashar, in ba haka ba numfashin da mai barci ya fitar zai taru a fuskarsa. Jinin da aka saba yana taruwa a ƙafafu yakan hau sama, fuska ta kumbura, hanci ya toshe. Gadon baya yana miƙewa, mutum ya ƙara 'yan santimita. Ƙashin ƙugu da cinya, da ya daina ɗaukar kaya, yana zaizayewa da kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 a wata, shi ya sa masu dogon zama suke motsa jiki kimanin awa biyu kullum, a ɗaure da ɗamara mai jan su zuwa na'urar gudu. Tafiyar Rayyana Barnawi da ɗan ƙasarsu Ali Alƙarni, da suka tashi daga Fulorida ranar 21 ga Mayun 2023, ba ta wuce kwana goma ba, don haka ba su kai ga wannan ba. Likitan Rasha Valeri Polyakov kuwa ya yi kwana 437 a jere a tsohuwar tashar sararin samaniya ta Rasha mai suna Mir tsakanin 1994 da 1995. Ko sujada ma tana zama abin dubawa a inda goshi ba ya zama a ƙasa sai an riƙe shi, har malaman Malesiya suka rubuta jagora a kan ibada a tashar lokacin da ɗan ƙasarsu ya je a 2007. Hukuncin na malamai ne, ni iyakata dalilin da ya sa goshin ba ya zama.

Yarinyar za ta ci karo da masanin fiziya Albert Einstein nan gaba a karatunta, kuma ya kamata ta san cewa daga wannan wuri ya faro. A 1907 ya lura cewa mutumin da yake faɗuwa ba ya jin nauyinsa, kuma wanda aka rufe a ɗaki marar taga ba shi da gwajin da zai yi a ciki ya bambance ko faɗuwa yake a kusa da duniya ko yana can nesa da kowane tauraro. Daga wannan lura ya gina nazarinsa na jan ƙasa da ya kammala a 1915. Don haka idan ta ce ai a ido kamar babu jan, ba ta yi wauta ba, daga cikin ɗakin haka abin yake. Sai an leƙa taga an ga hanyar tana lanƙwashewa ta kewaye duniya ake sanin akwai mai ja.

Dawowa ma ba ta buƙatar a tura kumbo ƙasa. Ana juya injinsa ya fuskanci inda ake tafiya, a rage gudun da kimanin mita 100 a sakan daga cikin 7,700 ɗin nan. Wannan ɗan ragin ya isa ya sa hanyar ta tsoma cikin iska mai kauri, iskar kuma ta cinye sauran gudun ta mayar da shi zafi. Daga lokacin da ta fara tare kumbon nauyi yake dawowa, har ya kai ninki huɗu na yadda aka saba, kafin lemar saukar kumbon ta buɗe.

Idan kuna son ganin tashar da idonku, ana ganin ta a wasu ranaku bayan magariba ko kafin asuba, lokacin da mu muke cikin duhu ita kuma rana tana haska ta. Tana kama da tauraro mai haske sosai wanda ba ya ƙyaftawa, tana fitowa daga wajen yamma ta ratsa sama zuwa wajen gabas cikin minti huɗu zuwa shida, wani lokaci kuma ta dushe a tsakiyar sama idan ta shiga inuwar duniya. Hasken fitilun Makka yana da yawa, amma ita tana da hasken da ake iya ganin ta daga kan soro, kuma akwai manhajojin waya da suke faɗin ranar da mintin da za ta bi ta kan garinku.